Farar Ƙasa

Ni ne Pashk, mai shafen bango a Shkodër.
Ran da takarda ta zo daga ofis
bokiti biyu suka ba ni, da tsani, da buroshi,
suka ce: shiga cocin nan,
kar ka fito sai babu fuskar da ta rage.

Da ƙafafu na fara, don ba na iya duban idanu.
Waliyyin da kakata ke kunna wa kyandir
shi na bari sai la'asar.
Farar ƙasa na ɗiga a gemuna,
a ƙasa wani yaro mai jan ƙyalle a wuya
yana auna inda za a kafa ragar ƙwallon kwando.

Aka ce daga yau babu kowa a sama.
Aka buga hatimi.

Maƙwabcina Zyhdi bai ce mini uffan ba.
Masallacinsu buhunan masara aka jibge a ciki,
shi aka ba wa makulli.
Da yamma muka zauna bakin kogi muna busa taba.
Gemunsa ya kama wuta, nawa ma ya kama,
wa zai shafa wa wani ruwa?

A makaranta, cikin watan azumi,
malama kan raba alewa da tsakar rana
tana duban bakin da zai ƙi buɗewa.
Feride 'yar Zyhdi, shekararta tara,
ta karɓa, ta cusa a kunci, ta yi murmushi,
ta tofar a bayan katangarmu
tana kuka, tana tambayata, ni Kirista, ko ya karye.
Na ce bai karye ba. Ina na sani?

Matata Drane kuwa, in Ista ta zo,
da ɓawon albasa take rina ƙwai uku cikin dare,
mu ci a tsaye,
ta binne ɓawon a gindin ɓaure.
Bango na da kunne, kwandon shara ma na da baki.
Ciki dai ba don burodi kaɗai aka yi shi ba.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba:
na tsinka farar ƙasar da ruwa.
Kar ku ce jarumta. Rabin buhun na sayar.
Amma duk shekara, in danshi ya shiga bango,
sai ido ɗaya ya leƙo ta saman raga
yana kallon wasa.
A sake kirana, in sake shafewa, a sake biyana.
Shekara ashirin da uku
idon nan yana ciyar da gidana.

Sai aka wayi gari
mutum-mutumin dandali na kwance da igiya a wuya.
Ƙararrawa ta dawo, muryarta a tsage.
Zyhdi bai ga ranar ba.
Feride ce ta share masallacin,
ta ce har yau in goshi ya taɓa ƙasa
ana jin ƙamshin hatsi.

Ran da aka buɗe cocin, can baya na tsaya.
A sahun gaba, cikin sabuwar kwat, hannu a ƙirji,
ga mutumin da ya miƙo mini bokitin.
Ran Jumma'a kuma an gan shi ƙofar masallaci
yana rabon gaisuwa.
Zaɓe saura wata biyu.

Takarda ta sake zuwa,
ofis ɗin nan dai, hatimin ne ya canza:
a kankare bangon.

Na hau tsani da gwiwoyin tsoho,
na fara da ƙafafu kamar wancan karon.
Kwana huɗu kafin in kai ga fuska.
Ta fito a hankali, kunci, hanci, ɗayan idon
da bai ga kowa ba tun ina da baƙin gashi.
Na rasa abin faɗi.
Na ce: sun ce ka dawo.

Bai amsa ba.
Ran da suka ce ya tafi ma bai amsa ba.